Tayi Na Biyu

Hamburg, Jamus
9 ga Janairu, 1992

Zuwa ga Innata Kaltoumi, gidan Baharam mai gyaran keken ɗinki, Zongo, Kwatano.

Assalamu alaikum. Inna, ina gaisuwa da durƙusawa. Ya jiki, ya kasuwa, ya gwiwar nan taki da ba ta son hawan zemijan, babur ɗin hayarku? Kawu Alassane, na san kai za ka karanta mata wannan a teburinka na bakin lafosta, gidan waya, to ina gaishe ka, kuma don Allah ka karanta yadda na rubuta, kada ka ƙara gishiri.

Ni lafiya lau, sai sanyi. Koyon aikin jinya yana tafiya. Jamusawa suna kira na Ba'iraniya, Iraniyawan da ke nan kuwa in na buɗe baki sai su yi murmushi, wai Farisancina na 'yar shekara goma ne. Gaskiyarsu, a nan ya tsaya. Ranar Asabar na ji wasu mutum biyu suna Hausa a tashar jirgin ƙasa, ban san lokacin da na ce musu sannunku ba. Ɗayan ya dube ni sama da ƙasa ya ja da baya, ya ɗauka aljana ce. Sai da na shiga jirgi na yi kukana.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Baffana Hushang, ƙanen Baba, ya aiko da saƙo daga Yazd. Bibi, wato kakata, mahaifiyar Baba, ta cika tamanin da biyu, kuma zuciyarta ta fara gajiya. Shekara goma ke nan ba ta sa ɗanta a ido ba, tun ranar da aka kama abokan aikinsa malaman makaranta, ya ɗauke ni da akwati ɗaya muka tsere. Kin san Baba ba ya iya taka Iran. To Baffa ya samu hanya. Zai kawo ta Istanbul, a ƙasar Turkiyya, inda mutanenmu ke shiga ba wahala, su zauna kwana ashirin daga goma ga Maris, a yi sabuwar shekararmu tare. Likita ya ce wannan tafiya ita ce ta ƙarshe da za ta iya. Ni zan je. Biyen jirgin Baba, wato tikitinsa, na shirya shi, kuma tun da sabuwar gwamnatinku ta ba shi takardar tafiya mai shuɗin bango, yana iya fita ya dawo, ba mai tare shi.

Na rubuta masa da Farisanci. Ya amsa min da shafi biyu na labarin kekunan teloli, sai a ƙarshe ya sa layi ɗaya, wai ba zai bar ki ke kaɗai ba. Inna, ke kin fi kowa sanin wannan a'a ɗin. Kin tuna lokacin da muka kama ɗaki a gidanku, marigayiya Iya, mahaifiyarki, ta aiko masa da tuwo, ya dafa ƙirji ya ce ya gode, ya ƙoshi? Iya ta ce ai dama Bature ba ya cin tuwo, aka ɗauke kwano. Kwana uku muna gaigayar busasshen burodi, ƙanshin miyarku yana kashe mu. Ke kika gano mu. Kika ajiye kwano ya ce a'a, kika sake ya ce a'a, a na uku ya cinye har da suɗe hannu. A garinmu ana kiran abin ta'arof, kamar kara ce amma ta fi taku tsawon wuya: ba a karɓar tayin farko, ko da mutum zai mutu. Mutanen Zongo har yau cewa suke da tayi na uku kika samu miji.

Daga bakinki yake jiran ya ji, Inna. In ke kika ce ya tafi, zai tafi.

Ki gaida Sahadatou da 'yan layinku na atamfa, da duk wanda har yanzu yake kiran Baba Balarabe. Ku ce musu ya gaji da gyara musu. Allah ya bar min ke.

'Yarki,
Ziba

*

Zongo, Kwatano
3 ga Fabrairu, 1992

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Daga hannun Alassane mai rubuta wasiƙu, a bakin ƙanwarsa Kaltoumi, zuwa ga 'yarmu mai albarka Ziba. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Ga maganar innarki, yadda ta faɗa.

'Yata, takardarki ta iso, na sa an karanta min sau biyu. Wannan da ya ce miki aljana, ki ce masa aljanar Zongo ce, ta iya ciniki.

Garin nan yanzu kullum biki. Tun da aka yi babban taron nan na ƙasa aka ce kowa ya dawo gida, waɗanda suka gudu lokacin sojoji sai dawowa suke. Boureima ɗan gidan Ladan, wanda aka ce ya mutu, ya sauka ranar Juma'a bayan shekara goma sha huɗu, da tumbi da farar mata. An yanka rago biyu. Uwarsa ta riƙe kunnensa a gaban jama'a tana kuka tana zaginsa. Babanki ya je, ya zauna a ƙarshen tabarma, yana ta kallonsu. Da muka dawo gida ya kwance wani keken da ba abin da ya same shi ya sake ɗaurawa.

Maganar tafiya kuwa, na tambaye shi. Ya ce a'a. Ya ce damina tana tafe, kwanon ɗakinmu yana yoyo, ga azumi a bakin ƙofa, teloli za su taso shi da aikin salla, ga gwiwata. Ni kuwa ba zan ɗaure namiji da igiya in sa shi a jirgi ba. Ki ba Bibi haƙuri, ki ce mata surukarta tana gaishe ta, tana yi mata addu'a.

Na ba wani direba da zai sauka Jamus sayen motoci ƙullin kuka da yaji da daddawa. Kada ki ba kowa, ba su san darajarsa ba. Ki riƙa sa safa. Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki daga sharrin baƙon wuri.

Innarki,
Kaltoumi

Ƙari daga kawunki: ban ƙara gishiri ba, sai dai gaisuwar sama, wannan kuwa sana'ata ce. Shekaranjiya na ga surukina ya karɓo kwat ɗinsa mai nauyi daga wurin mai wanki, wanda ya zo da shi daga ƙasarsu. Na ce Baharam, a zafin nan? Ya ce asu yake gudun ya ci masa. Wassalam.

*

Istanbul
31 ga Maris, 1992

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya azumi. Kawu, ina gaishe ka. Ku yafe min, yau gaisuwata gajera ce.

Jiya suka koma. Kwana ashirin muka yi a wani ƙaramin masauki, ɗaki ɗaya, hawa na uku. Bibi 'yar mitsitsiya ce, Inna, ko kafaɗarki ba ta kai ba, idonta ɗaya ya mutu. Da ta gan ni ta shafa fuskata da hannu biyu ta kira ni da sunan uwata. Sannan ta leƙa bayana.

Baffa ya faɗa mata tun a Yazd cewa Baba ba zai zo ba. Ta ce ita ta haife shi, ta san a'arsa. Ta sa aka juya mata kujera ta fuskanci ƙofa, a nan take cin abinci, a nan take jan carbi. Duk wanda ya hau matakala sai ta ɗaga hannu a yi shiru. Ta jiƙa alkama a faranti don ta tsiro kafin sabuwar shekara, irin yadda Baba yake yi da gero a kan tagarmu, har maƙwabta suna cewa tsafi ne. Alkama ta tsiro, shekara ta shiga, muka zauna mu uku da faranti huɗu.

Kin san mun kira waya, ke kika raka shi gidan telefon. Ban san abin da kika ji daga gefenku ba. Mu dai a nan minti huɗu ne, kuma ba abin da ya ce sai Bibi, Bibi, ki yafe min. Ita ta yi ta tambayarsa ko yana cin abinci.

A garinmu in mutum zai yi tafiya, ana watsa ruwa a bayansa don ya dawo. Bibi ta ce ranar da muka gudu, saboda sauri, rabin kwano ta samu ta watsa, kuma tun ran nan ta san ruwan bai isa ba. Laifin a kanta ta ɗora shi, Inna, shekara goma.

Ta tambaye ni ke. Ta ce wace mace ce wannan da ɗanta ba ya iya bari ko na kwana ashirin? Na ba ta labarin tuwo, ta yi dariya har da tari. Na ce mata ke kika yi min kitso na farko, ke kika tsaya a ƙofar lakwal, makarantarmu, kika ci mutuncin yaran da ke jan gashina. Sai ta zare awarwaron azurfa daga hannunta, wanda uwar mijinta ta ba ta ranar aurenta, ta ce in aiko miki, ke ce mai shi. Yana cikin ƙunshin nan.

Baba kuwa, kada ki gaya masa ina gaishe shi, don ban gaishe shi ba. Ke kin yi naki, kin roƙe shi. Shi ne ya zaɓi kwanon ɗaki da kekunan teloli a kan uwarsa. Na daɗe ina ba shi uzuri, ina cewa tsoro ne ya zauna masa a ƙashi. Amma na ga tsohuwar nan tana sauka matakala a bayan Baffa, tana waiwaye, kuma ba na jin zan iya yafe masa. Ba zan sake rubuta masa ba. Ke kaɗai kika rage min.

Allah ya karɓi ibada, ya kai mu salla lafiya.

'Yarki,
Ziba

*

Zongo, Kwatano
20 ga Yuli, 1992

Da sunan Allah. Daga hannun Alassane, a bakin Kaltoumi, zuwa ga 'yarmu Ziba. Bayan gaisuwa, muna yi miki ta'aziyyar kakarki. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya ba ku haƙurin rashi. Innarki ta ce yau in taƙaita. Ga maganarta.

'Yata, na san labari ya riga ya same ki. Mu wayar Baffanki ta iso mana ranar Talata, kwana biyu bayan an binne ta. Babanki yana tsakiyar gyara aka kira shi. Ya dawo ya wanke hannu da kananzir kamar kullum, ya shiga ɗaki.

Mutanen Zongo sun yi abin kirki. Ba wanda ya taɓa ganin Bibi, amma an cika ƙofar gida kwana uku, liman ya yi addu'a, na yi waina da ƙosai na sadaka. Sai dai kowa ya zo tambayarsa yake, sunanta wa, a ina take, can ƙasar Larabawa ko? Yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon bai gyara wa kowa ba. Uwar Boureima ta ce masa ai da ka je ka gan ta. Allah ya so ba na riƙe da wuƙa.

Ruwan bana ya yi ɓarna, unguwar Ladji duk ta nutse, dangin Sahadatou suna kwance a zaurenmu. Kwanon ɗakin da aka ce za a gyara ba a gyara ba, roba uku nake tarawa. Shago yana buɗewa in ya ga dama. Teloli sun fara kai kekunansu wurin wani Bayarabe a kasuwar Misebo. Ya rame, wandonsa sai da na ƙara masa huda a bel. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, ban taɓa jin ya ce min ke ce ba. Yana gaishe ni da safe kamar yadda ake gaida uwar ɗakin haya.

Har halin nan nasa ya bari. Yanzu ko me na miƙa masa, shayi ne, tuwo ne, magani ne, hannu yake sawa ya karɓa nan take, ya ce na gode. Shekara tara ina tsaye a kansa da kwano ina lallashi, ina cewa wannan mutum zai kashe ni da a'a. Yanzu ya daina, ni kuma abincin ne ba ya wuce min.

Awarwaro ya iso. Ban sa ba, ya yi min kaɗan. Na naɗe shi na ajiye.

'Yata, ina roƙonki don Allah da darajar tuwon da na ba ki, ki rubuta wa babanki. Wata huɗu ke nan kullum sai ya biya ta lafosta ya tambayi kawunki ko akwai wani abu. Ba shi da uwa, ba shi da ƙasa, kada ya rasa 'ya. Abin da ya faru ba laifinsa ba ne. Ƙaddara ce.

Allah ya yi miki albarka, ya sanyaya zuciyarki.

Innarki,
Kaltoumi

*

Hamburg
8 ga Agusta, 1992

Inna,

Assalamu alaikum. Na gode da ta'aziyya, Allah ya ba da lada. Kawu, ina gaisuwa.

Na karanta takardarki sau da yawa. Wuri ɗaya nake tsayawa, inda kika ce Baba yana karɓar abu tun a tayin farko. Ni 'yarsa ce. Na gan shi da yunwar kwana uku ya ce ya ƙoshi. Na gan shi a kan iyaka, ƙafarsa tana jini, wani ya ce ya hau jaki ya ce a'a. Mutumin nan ba zai miƙa hannu a karon farko ba sai in ya tabbata ba za a sake yi masa tayi ba.

Sannan na koma takardarki ta Fabrairu. Kin ce, na tambaye shi. Ni ce na ƙara sauran da kaina, na ce kin roƙe shi. Kuma awarwaron Bibi buɗaɗɗe ne, Inna, ana matse shi ana buɗe shi, ba ya yi wa kowa kaɗan.

Ban taɓa yi miki rashin kunya ba, yau ma ba zan fara ba. Tambaya ɗaya ce gare ni. Sau nawa kika tambaye shi?

Ina jiran amsa. Allah ya sa mu ji alheri.

Ziba

*

Zongo, Kwatano
14 ga Satumba, 1992

Zuwa ga 'yata Ziba, daga kawunki Alassane. Bayan gaisuwa.

Na karanta wa innarki takardarki, ban rage ba ban ƙara ba. Ta ɗauki jakarta ta tafi kasuwa. Sau uku tana zuwa teburina ta zauna, in buɗe biro, sai ta tashi. Jiya ta kawo min ambulan a liƙe, ta ce ita ta rubuta da hannunta, da baƙaƙen da kika koya mata a bayan kalanda, ni dai in sa adireshi. Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa aika takardar da ban san cikinta ba. Ga ta nan. Ko me ke ciki, ki tuna ita ta raine ki.

Wassalam,
Alassane

*

Ziba,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutuna.

Sau ɗaya.

Na san a'arsa, na fi ki sani. Ya ce a'a, ya tsaya yana kallona da kofin shayi a hannu, yana jira. Ni kuma na ce to, na tashi na shiga kicin.

Mijina na fari ya ce min wata uku zai yi a Gabon, takardar saki ce ta dawo. Ke kin ce shekara biyu za ki yi a Jamus, har yau ba ki dawo ba. Ban haifi kowa ba. Na ce in ya ga uwarsa ya ji yarensa, me zai dawo ya yi a ɗakin da ke yoyo? Ko ya bi ta ya shiga ƙasarsu su kashe min shi. Kullum ina cewa gobe zan sake tambaya. Har goma ga Maris ta wuce.

Bayan rasuwar ina shara na jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado, wanda kuka zo da shi. A shirye yake. Kwat, da takarda mai shuɗin bango, da goro ya bushe, da turmin atamfa mai ruwan ganye irin ta tsofaffi. Ba a shagona ya saya ba, don kada in sani. Har yau bai kwance shi ba.

Babanki bai zaɓi kwanon ɗaki ba. Ki rubuta masa. Ni ba sai kin rubuto min ba. Awarwaro zan ba kawunki ya mayar miki.

Ranar Juma'a na kai masa shayi, na durƙusa, na yi masa tayi na biyu. Na ce Malam, ka tafi. Don Allah ka tafi.

Ya karɓi shayin. Ya ce, ina?

Allah ya tsare ki.

Kaltoumi